Zauren Masu Keke da Almakashi: Ina Za a Kai Yarinya Ta Koyi Yanka?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Bana ta gama sakandare, kuma tun bara take zuwa shagon wata mai ɗinki a unguwarmu nan Kano. Ta iya taka keke, tana kalmasa, tana sa zif, guga kuwa ita ce mai yi. Amma har yau ba a taɓa miƙa mata almakashi ba. Babanmu ya ce in dai akwai makarantar da ake koyar da zanen kaya da fatan, wato zana sassan riga a takarda kafin a yanka yadi, zai biya. Mu cire ta daga shagon ne, ko mu ƙara haƙuri?

Anti Mai Bubu, Kaduna: Wa alaikumus salam. Wannan kukan ba ku kaɗai ke yin sa ba, ƙanwata. Shaguna da yawa uwar ɗaki a gida take yanka da daddare, da safe ta zo da kaya a leda ta rarraba wa yara su harhaɗa. Sai yarinya ta yi shekaru tana ɗinki, ranar da ta buɗe nata wuri ta rasa yadda za ta fitar da hannun riga. Kafin ku yanke hukunci, babanku ko ke ki je ki zauna da matar cikin mutunci, ki tambaye ta yaushe za a fara nuna wa yarinya awo da yanka. Amsar da za ta ba ki ita za ta nuna miki ko zama ko tafiya.

Malam Tela na Fagge: Hajiya, a yi mana adalci dai. Ba kowane mai shago ke ɓoye sana'a ba. Shaddar mutum ce ta kuɗi masu yawa a gabanka, in yaro ya ɓata ta kai za ka biya, kuma sunanka ne zai ɓaci a unguwa. Mu da muka taso, sai ɗinkinka ya miƙe, ka iya haɗa wuya da aljihu ba a kwance maka ba, sannan maigida ya kira ka gefen tebur. Da ido muka koya, da alli da tef, ba mu san wata takarda ba, kuma ga shi muna ci da iyali da ita.

Anti Mai Bubu, Kaduna: Gaskiya ne Malam, ban ce duka ba. Amma ai akwai akoko, akwai alawayyo, akwai ragowar yadi. Wa ya ce da shadda za a fara koya?

Malam Tela na Fagge: To wannan kam kin yi gaskiya. Ni ma yarana da ragowar yadi suke fara yanka wandon yara.

Malama Mai Fatan: Assalamu alaikum. Bari in ɗan tsawaita, don wannan shi ne abin da nake koyarwa. Malam, abin da kuke yi da alli a kan yadi shi ma fatan ne, sai dai a kanku yake zaune. Kayan maza irin kaftani da jamfa da wando layukansu a miƙe suke, kuma suna da yalwa a jiki, shi ya sa yankan kai tsaye ke yi musu daidai. Kayan mata masu bin jiki kuwa wani abu ne daban. Yadi a shimfiɗe yake, jikin mutum kuma yana da tudu da kwari, aikin fatan shi ne sasanta su biyun.

Ga yadda ake farawa. A ce ƙirjin mace inci 36 ne. Za ki ƙara kamar inci 2 na sararin motsi da numfashi, ya zama 38, ki raba huɗu, kowane ɓangare ya tashi 9 da rabi. In ƙugunta 30 ne, wannan bambancin na tsakanin ƙirji da ƙugu ba a gefe kaɗai ake kwashe shi ba. Ana raba shi tsakanin ɗinkin gefe da dat, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta bi jiki, na gaba da na baya. Wadda ba ta san haka ba sai ta matse gefe kawai, riga ta fito tana tattarewa a ƙarƙashin ƙirji, baya kuma ya yi jaka. Haka ramin hannu: na gaba ya fi na baya lanƙwasa, kuma kan hannun ya kamata ya ɗan ɗara ramin tsawo don ya zauna lafiya a kafaɗa. Duk wannan a takarda ake zana shi, a ƙara tazarar ɗinki, a gwada a akoko, a gyara, sannan a taɓa yadin mai kaya.

In yarinya ta mallaki tushen riga, wato fatan na asali, da na siket, da na hannu, da na wando, sauran duk juya su ake yi. Dat ɗin nan za a iya mayar da shi kafaɗa, ko gefe, ko a narkar da shi cikin tsagin da ke saukowa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Daga nan ne mutum ke iya kallon hoton da kwastoma ta kawo a waya ya gane yadda aka yanka shi. Wanda bai da tushen, sai dai ya yi ta kwaikwayon abin da ya taɓa gani.

Maman Hanifa: Malama, Allah ya saka da alheri. To irin wannan a ina ake koyar da shi?

Malama Mai Fatan: Ya danganta da abin da take so nan gaba. In tana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ta zana JAMB ta nemi kwalejin kimiyya da fasaha. Kaduna Polytechnic na da sashen zanen kaya da fasahar tufafi, haka Yaba a Legas da Auchi a jihar Edo. Shekara biyu ce ƙaramar difloma, a ciki akwai watannin da ake tura ɗalibi wurin aiki, bayan nan shekarar sanin makamar aiki, sannan wasu biyun na babbar difloma. Hukumar NBTE da ke Kaduna ita ke tantance kwasa-kwasan, don haka ku tabbatar kwas ɗin da za ta shiga yana da amincewarta. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da sashen zanen masana'antu, amma can ƙarfinsu ya fi a kan shi yadin kansa, saƙa da rini da zanen fure.

Baban Sadik: In ƙara a kan na Malama. Ba kowa ke da halin zaman shekara huɗu ko biyar ba. Akwai hukumar NDE da ke da ofis a kowace jiha, wadda tun ƙarshen shekarun 1980 take haɗa matasa da masu sana'a su koya. Akwai ITF, wadda aka kafa a 1971, hedikwatarta a Jos, su ma suna buɗe horon sana'o'i lokaci zuwa lokaci. Shawarata ita ce ku je ofis da ƙafarku. Kada ku tura wa kowa kuɗi don ya ce a Facebook zai sama muku gurbi. Sai dai irin wannan horon na 'yan watanni ne, ya fi amfanar wanda bai taɓa hawa keke ba. Ƙanwarki ta wuce wannan matakin.

Batun takardar shaida kuma, ko a shago ta ƙarasa za ta iya zana jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya. NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i, ita ma tana da jarrabawar ɗinkin kayan mata da na maza. Kwastoma ba za ta tambaye ta takarda ba, amma ranar neman aikin koyarwa ko kwangilar yunifom za a tambaya.

Hajiya 'Yar Zazzau: Ni dai in makarantar kuɗi ce irin waɗanda suka cika gari yanzu, ku buɗe ido. Na biya wa 'yata wata, ba zan ambaci suna ba. Ɗalibai sun fi ashirin, kekuna ba su kai rabinsu ba, malamar kuma ta fi zama a waya tana tallar kayanta. Wata uku suka ƙare aka yi bikin yaye da hotuna, yarinya ta dawo gida ba ta iya fitar da siket mai tsagi shida ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don kuɗin adashe na kwasa. Kafin ku biya ko sisi, ku je ranar da ake darasi, ba ranar da suka ce ku zo ba. Ku ƙirga kekuna ku ƙirga ɗalibai. Ku duba ko akwai babban teburin yanka. Ku ce a nuna muku takardun fatan na ɗaliban da suka gama, da kayan da suka ɗinka da hannunsu, ku juya cikin rigar ku ga yadda aka gama baki da shafi. Wajen riga kowa na iya gyara shi don hoto.

Maman Hanifa: Kai, sannu Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri.

Hajiya 'Yar Zazzau: Amin. Yanzu alhamdu lillahi tana wurin wata dattijuwa a Tudun Wada, kuma hannunta ya fara faɗawa.

Yaya daga Maraɗi: Gaisuwa ga 'yan zaure. Mu nan Nijar akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati a garuruwa, ɗinki na cikin abin da 'yan mata suka fi shiga, kuma akwai takardar CAP ga wanda ya bi ta makarantar sana'a. Abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne awo. Mu da santimita muke aiki, ku da inci. Littattafan fatan da yawa da bidiyon da ke YouTube da santimita suke magana. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma tef yana da su duka biyu, gaba da baya. Ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kai cikin aiki ɗaya, kada ta gauraya. Sannan a daina raina sana'ar nan. Alphadi tela ne mai zanen kaya, shi ya fara bikin FIMA na nunin tufafin Afirka a 1998 cikin hamada kusa da Agadas, kuma duniya ta san sunan Nijar ta dalilinsa.

Ƙanwar Zaure: Anti, ni a YouTube na koyi tushen riga, kuma ya yi mini amfani. Matsalar kawai babu mai duba maka kuskure. Sai da wata yayata ta sa rigar ta ɗaga hannu sannan na ga ramin hannun ya yi zurfi.

Malama Mai Fatan: Shi ya sa ba na son a cire yarinyar nan daga shago gaba ɗaya. Na ga masu difloma da suka iya zane tsaf amma riga ɗaya sai ta ɗauke su mako, ba su san yadda ake magana da kwastoma ba, ba su san tashin hankalin daren sallah ba. Shago ke koyar da sauri, da yanke farashi, da sanin halin yadi. Atamfa yadi shida ce, faɗinta kusan inci 45 zuwa 48 ne, kuma furenta yana da sama da ƙasa. In ba ka lura ba sai gaban riga ya kalli sama, baya ya kalli ƙasa, ko fure ya rabe biyu a kan zif. Leshi yana da bakinsa da ake so ya faɗo a ƙasan riga. Yadi mai santsi na abaya yana gudu a ƙarƙashin almakashi. Wannan a wurin su Malam ake samun sa. Ni da ƙanwata ce, da safe za ta je koyon fatan, da yamma ta koma shago, ko ta ware kwana biyu a mako.

Malam Tela na Fagge: Malama, akwai inda na yarda da takardarku ɗari bisa ɗari. An taɓa ba mu yunifom na wata makaranta, yara masu yawa, girma daban-daban. Wani yaro da ya yi kwalejin fasaha ya zana ɗaya a kwali, ya riƙa ƙara rabin inci a kowane ɓangare yana fitar da na gaba. Muka jera yadi ninki-ninki muka yanka a tashi ɗaya, kuma yadi ya yi saura. Tun daga ranar nake ajiye kwalin wuya da na aljihu a shagona.

Anti Mai Bubu, Kaduna: Kuma nan kuɗin yake yanzu, Malam. Hijabai, dogayen riguna, kayan yara da ake ɗinkawa a ajiye a sayar. In ba fatan, lamba ɗaya za ta fito maka da girma uku.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, na fahimta. Zan je in ga uwar ɗakin nata tukuna, sannan mu zagaya makarantun da ke kusa yadda Hajiya ta ce. JAMB kuma za ta zana baɗi in Allah ya kai mu. Saura keke. Babanmu yana so ya saya mata babba mai lantarki.

Baban Sadik: A bari tukuna. Baƙin keken ƙafa irin Butterfly ya ishi mai koyo, ba ruwansa da wuta, kuma duk unguwa akwai mai gyaransa. In aiki ya fara shigowa sai a sayi babba, Juki ko Jack, a zaɓi mai ƙaramin injin da ba ya juyawa sai an taka, don ya fi sauƙin wuta, ƙaramin janareta ko sola na iya ɗaukar sa. Wibin kuma, wato gama bakin yadi da inji, za ta iya kai wa masu yi a biya kafin ta samu nata.

Malama Mai Fatan: Ragowar kuɗin a saya mata almakashi mai kyau na yadi kaɗai, da wani daban na takarda, don takarda na dakushe baki. Sai doguwar rula, da lanƙwasasshiyar rula ta ramin hannu da ta kwankwaso, da tef biyu, da alli, da fil, da takarda mai ruwan ƙasa. In takardar ta yi wuya, tsohuwar kalanda ko jarida a manna ta isa a fara. Akoko kuma a Kantin Kwari za ku samu, ku sayi da ɗan yawa don za ta ɓata kafin ta gyara.

Ƙanwar Zaure: Malam, tunda ana maganar keke, nawa yana tsallake ɗinki in na hau yadi mai laushi. Allura 16 ce a kai.

Malam Tela na Fagge: Ta yi kauri, 'yata. Sa 11, atamfa kuma 14. Ki duba kuma ko allurar babban keke aka sayar miki, don ita gindinta zagayayye ne, ta baƙin keke kuwa gefe ɗaya a shafe yake. In kin canja bai daina ba, ki ɗauko hoton yadda kika zura zaren ki turo nan in gani.