Wakilci ko siffantawa? Kalmar da Oscar Micheaux ya sa ni nema

Jama'a, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ina rubuta bayani da Hausa kan fim ɗin tarihin rayuwar Oscar Micheaux, Ba'amurke baƙar fata mai shirya fina-finai, fim ɗin da Francesco Zippel ɗan Italiya ya shirya, aka haska shi a bikin fina-finai na Cannes a 2021. Kalmar ta Turanci ce, "representation", ina neman Hausarta. Abin da ya fara zuwa mini baki "wakilci" ne, amma raina bai kwanta da shi ba.

Wakili mutum ne da aka aika. Wakilin ango a wurin ɗaurin aure, sai da dangi suka zauna suka ce je ka karɓo mana. To a 1915 D. W. Griffith, mai shirya fina-finai a Amurka, ya fitar da fim ɗin The Birth of a Nation, inda Turawa suka shafa baƙi a fuska suka fito a matsayin baƙar fata, miyagu masu farautar mata, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, kuma su ne jarumai. Masu sharhi da Turanci da waccan kalma suke kiran wannan ma, sai dai su ce mummuna ce. Ni kuwa hannuna ya ƙi rubuta cewa sun wakilci kowa. Wa ya aike su? Ƙazafi suka yi.

Micheaux, wanda aka haifa a jihar Illinois a 1884, ya yi hidimar fasinjoji a jirgin ƙasa, ya yi noma a Dakota ta Kudu, ya bi gida-gida yana tallar littattafan da ya rubuta. Babu wani babban kamfanin Hollywood a bayansa, gashin kansa yake ci, a haka ya shirya fina-finai sama da 40. A Within Our Gates na 1920, jarumar malamar makaranta ce da ke fafutukar nemo wa makarantar yara baƙar fata kuɗi. Akwai likita baƙar fata. Akwai kuma wurin da gungun Turawa suka rataye mutanen da suka rene ta, bai kau da kyamara daga zancen ba. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa kafin a tsinci kwafinsa a Sifaniya.

Da na nemi shawara kan kalmar, wani dattijo da ya daɗe yana fassarar labarai ya amso mini: "Ɗana, 'siffantawa' kake nema. Ana siffanta mutum da gaskiya, ana siffanta shi da ƙarya, kuma ba a neman izininsa." Allah ya ƙara girma, Baba, wannan ta zauna daram. Griffith ya siffanta baƙar fata, Micheaux ma ya siffanta su, kalmar ta ɗauki duka biyun ba tare da ta wanke azzalumin ba.

Wata 'yar'uwa ta ja da mu. Ta ce: "Malam, siffantawa ba ta gaya mana wanda ke riƙe da kyamarar ba, alhali nan ne gizo ke saƙar." Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa na raba aikin. Yadda aka nuna mutane, siffantawa. In su da kansu suka rubuta, suka ba da umarni, suka zuba kuɗinsu, "siffanta kai". Ita kuwa "diversity" da ake yawan jerawa da ita, na ajiye "bambance-bambance", domin tana jan hankali ga abin da ya raba mutane. "Damawa da kowa" muke cewa tun da can, kuma ta isa.

"Wakilci" na bar wa majalisa da ɗaurin aure. Jimlar da na sa a bayanin yanzu ita ce: Micheaux ya ga yadda ake siffanta mutanensa, da ya ga ba a damawa da su, sai ya buɗe kamfaninsa suka siffanta kansu.