Bayan faɗuwar mulkin kama-karya, ta yaya ake auna ƙarfin jam'iyyun Musulunci?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum malamai. Ina rubutun kammala karatu a jami'ar Damagaram kan zaɓen farko bayan faɗuwar mulkin kama-karya. Ta yaya ake gane ainihin magoya bayan jam'iyyun Musulunci da na masu raba addini da mulki? Kujerun majalisa sun isa hujja?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam. Ba su isa ba, ɗalibi. Lissafi uku za ka jera: kujeru, ƙuri'un da aka kaɗa, da yawan masu rajista. A Aljeriya, Disamban 1991, jam'iyyar Musulunci ta FIS ta ci kujeru 188 cikin 430 tun zagayen farko, da kusan kashi 47 cikin 100 na ƙuri'u. Amma ƙuri'un nata miliyan 3 da ɗoriya ne, masu rajista kuwa sun haura miliyan 13. Rubu'in masu rajista ke nan. Tsarin mai rinjaye ya kwashe mazaɓa ne ya kumbura ta, alhali ta yi asarar wajen ƙuri'a miliyan ɗaya tun zaɓen ƙananan hukumomi na 1990. A Tunusiya, 2011, jam'iyyar Musulunci ta Ennahda ta samu kashi 37 da kujeru 89 cikin 217, domin abokan hamayyarta sun watsu cikin jerin takara barkatai, ƙuri'u masu yawa suka tafi a banza.

Ƴar Garin Malam: Malam ya yi gaskiya, sai dai ƙanena, kada ka tsaya kan zaɓe ɗaya. Zaɓen farko tsari yake aunawa, ba aƙida ba. Wanda ya shekara yana da masallatai, asibitoci da ƙungiyoyin agaji a ƙarƙashin danniya, shi ke da wakili a kowace rumfa. A Masar ƙawancen Ƴan'uwa Musulmi ya kwashe kusan rabin majalisa a farkon 2012, amma a watan Mayu ɗan takararsu Muhammad Mursi bai kai kashi 25 ba a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Ennahda ma ta sauko zuwa kujeru 69 a 2014, sannan 52 a 2019.

Ɗan Birni: To Yaya, binciken jin ra'ayi fa?

Ƴar Garin Malam: A nan ake yawan tuntuɓe. Mutum 1,200, irin adadin da cibiyar binciken jin ra'ayi ta Afrobarometer ta saba tambaya, kuskurensa maki 3 ne sama ko ƙasa. Ka ware mutum 200 na jiha ɗaya, kuskuren ya kai maki 7. Wanda ya saba da ƴan leƙen asiri ba ya faɗa wa baƙo mai takarda jam'iyyarsa, sai ya ce bai yanke shawara ba. Ka lissafa waɗannan daban, kada ka raba su bisa kason sauran. Tambayar "kana son shari'a?" kuma ba ta nuna ƙuri'a; a tambayi sunan jam'iyya, a tambayi ko mutum ya yi rajista.

Malamin Zango: Ka kula da ƴan takara masu zaman kansu. A Libiya, 2012, ƙawancen Mahmud Jibril ya ci 39 cikin kujeru 80 na jam'iyyu, jam'iyyar Ƴan'uwa Musulmi 17, aka yi ta shelar cewa masu raba addini da mulki sun yi nasara. Sauran kujeru 120 na masu zaman kansu ne, sai ka bi yadda kowanensu ya kaɗa ƙuri'a a majalisa kafin ka san ɓangarensa. Kada kuma ka ɗora ma'aunin nan kan Nijar: tsarin mulkin 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya hana kafa jam'iyya bisa addini, don haka ƙuri'un da hukumar zaɓe ta CENI ta ƙirga ba za su nuna maka wannan rabuwar ba.