"Jiki magayi": ya dace a bakin mai bishara?

Ɗan Sabongari:
Salama gare ku. Ina da tambaya ga masu Hausa a baki. Ran Asabar na raka wani dattijo mai bishara zuwa ƙauye, ni ke tuƙa moto, shi yana baya. Mun wuce Tibiri kaɗan sai ya dafa kafaɗata ya ce in saki kwalta in bi wata 'yar hanyar amalanke. Na ce Baba, ana jiranmu fa, kuma man jika biyu kaɗai na sha. Ya ce, "Bi dai, jiki magayi." Muka yi ta kutsa rairayi har muka iske wasu bukkoki uku, wata mata zaune da yaro a cinya, jikinsa zafi rau, mijin ya tafi ci-rani. Baba ya yi addu'a, na ɗauki uwa da ɗa zuwa likita, shi ya zauna gindin gawo yana jirana. Taron da za mu bai yiwu ba. Abin da ya faru ban musa ba, da idona na gani. Karin maganar ce ta tsaya mini a rai. Haka ake amfani da ita?

Tsohon Mushe:
A'a, ɗana. Magayi daga "gaya" yake, kamar yadda marubuci ya fito daga "rubuta". Jiki ne zai gaya maka, amma bayan ka yi abin. Saurayin da ke ɗaukar buhu biyu a kai don a yaba masa, ko yaron da aka hana bai hanu ba, su ake ce wa jiki magayi. Ƙanwarta ita ce "jiki ya fi kunne ji". Gargaɗi ce. Abin da dattijon ke nufi shi ne "jikina ya ba ni".

Inna ta Zumunta:
Mushe, a nan kam ban bi ku ba. Kakata a Madarunfa in ta tashi da faɗuwar gaba takan kasa cin tuwo, ta ce jiki magayi, a saurara. Sau da yawa kafin la'asar an aiko da saƙon rasuwa ko na haihuwa mai wuya. Ita ba ta shiga lakkol ba, amma Hausarta ba a gyara mata. Karin magana ai riga ce, kowa da yadda yake sa ta.

Tsohon Mushe:
Inna, na karɓa, na taɓa jin tsofaffi mata na faɗinta haka. Sai dai ko a bakin kakarki labari jikin ke kawowa. Bai ce mata tashi ki bi hanya kaza ba.

Ɗalibin Littafi:
Ni damuwata ba ta nahawu ba ce. A Littafi Mai Tsarki, Galatiyawa sura 5, manzo Bulus ya nuna jiki da Ruhu gāba suke yi. To yaya mai bishara zai ɗauki aikin Ruhu Mai Tsarki ya ba jiki? Da Filibus ya ga keken dokin Bahabashen nan a hanyar Gaza, Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce Ruhu ne ya umarce shi ya matsa kusa. In Ubangiji ne ya yi magana, a fito fili a ce Ubangiji ne.

Baban Danja:
Yaro, karatunka daidai ne, amma bari in ba ka nawa. Ina da ƙuruciya, sabon fitowa daga makarantar Littafi, na tashi wata safiya na ce wa dattawan ikilisiya Ubangiji ya ce in tafi wani gari in yi wa'azi ran kasuwa. Suka ce bari a fara aika gaisuwa wurin mai gari. Na ce wa ya isa ya jinkirta abin da Ubangiji ya faɗa? Suka yi tsit, don na ɗaure musu baki. Na je, ban gai da kowa ba, na tsaya kusa da rumfar mahauta na ɗaga murya. Ba wanda ya taɓa ni. Wani tsoho dai ya miƙo mini ruwa a ƙwarya, ya ce baƙo, in ka sha ga hanya. Akwai gida guda na masu bi a garin, su suka sha zargin bayan tafiyata, shekaru ba a gayyatarsu suna ko biki. Da na zauna na bincika kaina, so nake a ce na buɗe sabon wuri. Son zuciya, ɓacin zuciya.

Shi ya sa dattijon nan ya burge ni. Wanda ya ce "Ubangiji ya ce" ya rufe ƙofar shawara. Wanda ya ce "jiki magayi" ya bar wa abokin tafiyarsa damar cewa Baba, anya? In ya dace, godiya ta Allah ce. In ya kuskure, jikinsa ya yi ƙarya, sunan Allah bai shiga ba. Ba tun yau aka ce a gwada ruhohi ba, duba wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4.

Malam Maƙwabci:
Ni Musulmi ne, karin magana ta kawo ni. Mu ma in abu ya tsaya a zuciya akan yi istihara, kuma malamai na cewa ba ta hana shawara. Matambayi ba ya ɓata. Baba, labarinku ya taɓa ni, musamman tsohon da ya ba da ruwa.

Manomin Agye:
Tun da a Maradi muke, me ya sa ba wanda ya ambaci Tony Rinaudo? Ɗan Ostireliya ne, ya zo nan tare da SIM, wata ƙungiyar mishan ta Kirista, a 1981, yana rabon dashen itatuwa a ƙauyuka, akasarinsu rana da awaki da iska na kashewa. A 1983, kamar yadda shi kansa yake ba da labari, ya tsaya rage iskar tayoyin mota don rairayi, ransa a ɓace, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya wuce sau ba adadi. Ya je ya duba ganyen, ya gane itace ne da aka sare, kututturen na raye a ƙasa yana tohowa. Daga nan sassaben zamani ya samo asali: ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kututturen sabara ko kalgo ka bari, ka datse sauran. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, shi kuma an ba shi lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018. Gonar mahaifina na cikinsu.

Abin da nake so ku lura: ya gane ganyen ne don ya karanci aikin gona. Ni da na tsaya a wurin, tsiro kawai zan gani. Kuma bayan yunwar 1984, da aka daina ba da abinci a madadin aikin, manoma da yawa suka sare abin da suka bari. Shekaru ya yi yana lallashi.

Ɗalibin Littafi:
Wannan misalin nawa ne ai! Addu'a ya yi, bai ce jikinsa ya ba shi ba.

Inna ta Zumunta:
Kai ɗan nan, Ruhun in zai yi maka magana ta ina zai bi? Ta bango? Ko Sama'ila na Littafi Mai Tsarki da kunnensa ya ji kiran Allah, har sau uku yana rugawa wurin Eli, tsohon da ke riƙonsa, don ya ɗauka shi ke kiransa.

Baban Danja:
Kuma kada a auna da sakamakon rana ɗaya. Su ukun da suka kafa SIM sun sauka Legas a 1893 da tabbacin an kira su. Cikin 1894 Gowans da Kent suka rasu, Bingham ya koma gida da ciwo. Sai 1902 mishan ta samu zama a Patigi ta Najeriya, Damagaram kuwa sai 1924. Da a shekarar farko aka tambayi Mushe, cewa zai yi jiki magayi, irin tasa fassarar.

Tsohon Mushe:
Da na faɗa kuwa, Baba, kuma da Hausata ta yi daidai.

Ɗan Sabongari:
Na gode muku duka. Yau bayan sujada na tambayi dattijon. Ya yi dariya, ya ce shi bai ji wata murya ba. Wata yarinya ya hango ta fito bakin kwalta tana duban motoci, ta ɗaga hannu ta fasa, ta juya da gudu, sai gabansa ya faɗi. Ni da ke tuƙi ban gan ta ba sam. Na ce to Ruhu ne ko ido? Ya ce in tambayi wanda ya yi idon.

Yaron zazzaɓin cizon sauro ne, an yi masa ƙarin ruwa, jiya uwar ta ce ya sha kunu. Mutanen ƙauyen da suka jira mu har azahar kuwa sun ji haushi, sun yanka zakara don baƙi. Asabar mai zuwa za mu koma ba da haƙuri, Baba ya ce in taho da goro.