Faifan lambar tsohuwar wayar Baba ya ƙi komawa, ku taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da muke kwashe kayan marigayi Baba a Zariya na ci karo da wayarsa ta tebur, baƙa, mai faifan nan da ake zura yatsa a juya. Ita muka yi amfani da ita a layin NITEL har zuwan salula a 2001. A ƙasanta an buga 746. Har yanzu akwai lambar gidanmu a tsakiyar faifan da rubutun hannunsa, shi ya sa na kasa rabuwa da ita.

Matsalar, idan na juya faifan sai ya dawo yana jan jiki, wani lokaci ya tsaya cak a rabin hanya sai na tura shi. Na buɗe na ɗiɗɗiga man keken ɗinki a ko'ina. Kwana biyu ya saki, daga baya ya fi da cijewa. Don Allah me na ɓata, kuma yana gyaruwa?

Tsohon ma'aikacin waya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, yana gyaruwa, amma ajiye man nan tukuna. Samfurin Ingila ce, a 1967 aka fara fitar da 746, kuma sun sha wucewa ta hannuna. Ka fara gane aikin faifan. Lokacin da ka juya ba ya aika komai, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke dawo da faifan, shi kawai kake ɗaurewa. A dawowarsa ne yake katse layi yana haɗawa: lamba 3 katsewa uku, sifili katsewa 10. A zamaninmu injin ofishin waya yana jiran katsewa 10 a daƙiƙa ɗaya, yana jure 9 zuwa 11. Saboda haka ka juya sifili har ƙugiya ka saki, ya kamata ya isa gida cikin kusan daƙiƙa ɗaya.

Abin da ke riƙe wannan gudu shi ne gwamna, kamar dai na janareta amma ɗan mitsitsi. A bayan faifan za ka ga wani ɗan kofin ƙarfe, cikinsa fukafukai biyu masu nauyi a baki. Idan suna juyawa sai su buɗe su gogi bangon kofin su zama birki. Wannan kofin a bushe yake aiki. Ka zuba masa mai, ƙurar hunturu ta hau kai, sun kwaɓe sun zama danƙo.

Mai tambaya: Ikon Allah. Baba, wallahi cikin kofin nan na fi zubawa, don na ga nan ne ke ƙara. Yanzu da me zan wanke?

Mai gyaran agogo: Malam, sami sifirit na kemis da ɗan buroshi mai laushi. Ka ciro faifan daga jikin wayar, amma ka ɗauki hoton wayoyin da ke ɗaure a bayansa kafin ka kwance ko ɗaya. Ka wanke haƙoran giya da sandar gwamna, ka naɗa auduga a tsinken sakace ka goge cikin kofin har sai audugar ta fito fara fat. Bar shi ya bushe. Sannan man agogo, abin da bakin allura ya ɗauko, a inda sanda ke juyawa cikin mazauninta kawai. Idan ido ya ga man yana ƙyalli, ya yi yawa.

Kuma don Allah kada ka kwance babban sifirin na tsakiya. A ɗaure yake, in ya kuɓuce maka mayar da shi sai wanda ya saba.

Wani ɗan uwa: Ni ina ganin man feshi na gwangwani ya fi sauƙi, fesawa ɗaya ya saki.

Mai gyaran agogo: Zai saki yau, Yallaɓai, bayan wata biyu ya dawo gidan jiya. Yana shiga inda ba a aike shi ba, har cikin kofin.

Tsohon ma'aikacin waya: Gaskiyar mai agogo ce. Sai maganar kwantak, siraran ƙarafan nan masu haɗuwa suna rabuwa. Kada sanfefa ta taɓa su. Yanki farar takarda mai tsabta, jiƙa ta da sifirit, zura ta tsakaninsu ka ja sau uku ko huɗu. Kada ka lanƙwasa su, domin an saita su ne layi ya katse kashi biyu cikin uku na kowane bugu, ya haɗu kashi ɗaya. Da ido ba za ka iya mayar da wannan ba.

Bayan wankin sai ka gwada gudun. In har yanzu yana nawa, ka matso da fukafukan ciki kaɗan, kamar kaurin gashi. In yana gudu fiye da kima, ka buɗa su. Mafi yawanci wanki kaɗai ke gyara shi, don haka kada ka yi gaggawar taɓa su.

Wata 'yar uwa: Yaya, takardar nan mai rubutun Baba ka fara cirewa ka adana kafin sifirit ya kusance ta. Ka manna salatif a kan murfin roba na tsakiya ka fizgo, kada ka ɓamɓare da wuƙa, tsagewa yake yi. Kuma idan kana so ta yi kira, akwai ɗan akwatin da ke haɗa irin wannan waya da salula ta Bluetooth. Ka dai tabbatar wanda za ka saya yana gane bugun faifai, ba duka ne ke ganewa ba.

Mai tambaya: Alhamdulillah. Jiya bayan Isha'i na zauna na bi yadda kuka ce. Auduga shida na canza, ta farko baƙa ƙirin. Ban taɓa fukafukan ba. Na naɗi ƙarar dawowar sifili a salula sau biyar, duka daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya. Inna tana ɗaki ta jiyo ƙarar, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in sake juyawa. Baba ma'aikacin waya, mai agogo, 'yar uwa, Allah ya saka da alheri. Saura ƙararrawa, zan dawo da tambayarta idan akwatin ya iso.