Yadda za a cire Ubuntu a bar Windows shi kaɗai a kwamfutar tafi-da-gidanka

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, kuma kwamfutata na ɗauke da manhajojin tafiyar da na'ura biyu tare, Ubuntu da Windows 10. Faifan ajiyar ya cika, don haka ina son in cire Ubuntu. Shin goge ɓangaren faifan da yake ciki kawai ya wadatar?

Mai gyara a Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bai wadatar ba, domin GRUB, wato manhajar da ke ba ka zaɓi tsakanin Ubuntu da Windows idan ka kunna na'urar, tana dogaro da fayilolin da ke cikin wannan ɓangaren. Idan ka goge shi da gaggawa, baƙin allo mai rubutun "grub rescue" za ka tarar. Ka fara kwashe takardunka zuwa kile USB, sannan ka shiga saitin UEFI, wato tsarin da ke tayar da na'urar, ka ɗora Windows Boot Manager, mai tayar da Windows, a sahun farko. Bayan ka tabbatar Windows na tashi da kansa, sai ka buɗe diskmgmt.msc, manhajar sarrafa faifai ta Windows, ka goge ɓangaren ext4, wato na Ubuntu, wanda Windows ba ya nuna masa harafi.

Malama a Zango:
Idan tsohuwar na'ura ce mai BIOS, wato tsarin da ya gabaci UEFI, umarnin bootrec /fixmbr daga kilen girka Windows ne zai gyara farawar. Kada ka taɓa faifan sai batir ya cika, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata bayananka. Ni dai da ni ce, zan sake tunani, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, alhali Ubuntu na ci gaba da samun sabuntawar tsaro kyauta.

Ɗalibi daga Birni:
Na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Zan duba ko na'urar tana da TPM 2.0, na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata, kafin in yanke shawara.