Na'urar goge tayil mai yawo da kanta: wa ya gwada ta a Zariya?

Maman Ilham (Hanwa): Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da hantsi. Shawara na zo nema. Tun da aka yi min tiyatar haihuwar nan bayana bai koma daidai ba, in na sunkuya da mofa na minti goma sai na nemi katifa. Yarinyar da ke taya ni aiki kuma an sa ranarta. To ƙanin Baban Ilham zai dawo daga Amurka wata mai kamawa, ya ce in ina so ya taho min da na'urar nan mai kama da faifai, wadda ke yawo da kanta tana shara tana goge tayil. Akwai mai ita a nan Zariya? Ba ta cikin bidiyo nake tambaya ba, a bidiyo gidan kowa kamar madubi yake. Wadda ta sha ƙurar hunturunmu nake son jin labarinta.

Hajiya Asabe (Tudun Wada): Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya ƙara sauƙi, ya raya yaro. Ni na ga abin nan a gidan 'yata a Abuja. Yini ya yi yana karo da ƙafar kujera kamar makahon da ɗan jagora ya gudu ya bari. Tsintsiyar kwakwa da bokiti ba su taɓa ba ni kunya ba.

Anti Rabi (GRA): Hajiya ranki ya daɗe, ƙila mai araha kika gani. Iri biyu ce. Akwai wadda ba ta san inda take ba, in ta bugi abu ta juya, in ta sake bugu ta sake juyawa, har batir ya ƙare. Akwai kuma mai ɗan tudu a ka, wani hasken leza ne ke juyawa a ciki yana auna bango, ta zana taswirar gidan ta aiko miki a waya. Wannan layi-layi take bi kamar mai yin kunya a gona, ba ta maimaita inda ta wuce. Irinta ce a gidana, wannan hunturun ne na biyu. Yara sun sa mata suna Kunkuru.

Maman Ilham: Yauwa Anti, ke nake nema. Tsakani da Allah tana aiki?

Anti Rabi: Tana yi, amma ki fara sanin wane aiki. Ƙurar nan mai laushi da ke sauka kullum, wadda in kin goge da safe kafin azahar za ki iya rubuta sunanki a tayil, ita ce abincinta. Ranar farko da ta shiga ƙarƙashin gadona, abin da ta fito da shi sai da na ji kunya, ga gashi, ga zare, ga ƙura kamar auduga. Tsayinta bai wuce santimita 10 ba, tana shiga inda ni sai na kwanta rub da ciki.

Guga kuma kada ki sa rai da yawa. Tankin ruwan tawa bai fi rabin ruwan leda ba, tsumma mai danshi kawai take ja a bayanta. In manja ya zube, ko miyar kuka ta bushe a ƙasa, ko yara sun shigo da jan taɓon damina a ƙafa, ba ta cirewa, shafe ɗakin take yi da shi. Masu tsumma biyu da ke juyawa sun fi ƙoƙari, sun kuma fi tsada. Sannan a irin wannan lokacin ban yarda ta haɗa shara da guga a tafiya ɗaya ba. Na gwada, jar ƙurar ta haɗu da ruwa, ta bar min sawu a falo kamar an ja kunun kanwa. Yanzu sai ta share tukuna, in zazzage akwatin, sannan in maƙala tsumman ta sake zagayawa. Da ta gama kuma a wanke tsumman a shanya, in ya kwana da danshi wari yake yi.

Injiniya Bello (Samaru): Maman Ilham, kafin a yi nisa, kalmar Amurka da kika ambata ce ta tsaya min. Wutarsu 120 ce, tamu 230. Ki ce masa ya juya mazaunin cajin ya karanta abin da ke rubuce a ƙasa. In ya ga 100 zuwa 240, babu damuwa, kan filogi kawai za a sauya. In 120 kaɗai ya gani, da kin soka a bango hayaƙi za ki gani. Manyan mazaunan nan da ke zuƙe sharar da kansu su wanke tsumma, galibi wutar ƙasa ɗaya aka yi su da ita. Wani maƙwabcina ya kawo min nasa a kwali, kwana ɗaya da sauka, sai ƙauri. Ni da zai biyo ta Dubai ko Ingila da na ce ya saya a can, wutarsu da filoginsu mai baki uku duk irin namu ne. A kuma guji wadda aka yi don kasuwar cikin ƙasar Sin, da Sinanci za ta riƙa yi miki magana, manhajar ma tana iya ƙin karɓarta a nan.

Maman Ilham: Ikon Allah. Da mun yi asara ke nan. To cin wuta fa Injiniya? Sola muke da shi amma ƙarami ne.

Injiniya Bello: Ita kanta ba ta da ci. Batirin mafi yawan masu kyau bai wuce abin da fankar silin za ta sha a awa ɗaya da 'yan mintoci ba, inbatarku ba za ta ma ji ba. Mai zuƙe shara ne ke jan kusan wat 1000, na 'yan daƙiƙu, kuma shi ne zai iya sa ƙaramar inbata ta yi kuka. Abin lura shi ne mazaunin yana so ya kasance da wuta ko da yaushe, domin shi ke aika alamar da take bi ta koma gida. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sai ki same ta tana lalube a kusa da shi har ta mutu a nan. Ki haɗa shi da layin sola, ki sa masa abin kare hawan wuta, kin san yadda ake dawo mana da ita wani lokaci.

Malama Hauwa (Gyallesu): Ni ta wani ɓangaren zan shigo, don shi ya raba ni da tawa na ɗan lokaci. Maman Ilham kina da jariri, kina da mai koyon zama a fo. Autana ya yi fitsari a bayan kujera ban gani ba, na'urar ta bi ta kai, ta jiƙa tsumma, ta zagaye falon kaf har kusurwar da surukata ke shimfiɗa sallaya. Sai da wari ya tashi muka gane. A ranar nan da hannu na wanke falon gaba ɗaya da ruwa, aikin da nake gudu ya ninka. Ita ba ta san najasa ba, ba ta kuma ɗauraye tsumma a tsakanin ɗaki da ɗaki sai masu tsadar. Najasa da ruwa mai tsarki ake kawar da ita, ba da tsumman da ya riga ya kwaso ta ba. Don haka yanzu sai na zagaya da idona kafin in kunna, in na ga wani abu in wanke da kaina. A manhajar kuma na ja mata jan layi a ƙofar banɗaki da wurin salla, ba ta ƙetarawa.

Anti Rabi: Wallahi Malama kin tuna min. Zagayen nan dole ne ko babu yara. Tawa ta taɓa haɗiye carbin maigida, ta tsinke shi, ta naɗe wayar caja, ta ja bakin labule. Gezar darduma kuwa abokiyar gabarta ce. Minti biyar na kwashe-kwashe kafin a kunna, in ba haka ba kina kicin za ki ji tana kiran a zo a cece ta.

Hajiya Asabe: Kun ji ko? A share mata hanya, a wanke mata tsumma, a zazzage mata ciki, a cece ta in ta maƙale. Wa ke yi wa wani aiki a nan?

Maman Biyu (Ƙofar Doka): Hajiya ni ina bayanki, amma dalilina daban. An kawo min ita tsaraba, wata uku na bayar da ita. Gidanmu ginin cikin gari ne, kowane ɗaki tsakar gida yake kallo, kuma an ɗaga dokin ƙofa saboda ruwan sama. Na'urar nan abin da ya wuce santimita 2 ba ta hawa, wato kamar kaurin yatsa. Sai dai in ɗauke ta kamar jaririya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ga leda a ɗakin yara, bakinta ya ɗan tashi, kullum nan take cusa kai. Ɗakina kuma kun san jerenmu, gado, sif, madubi, kujeru, wurin da ya rage bai kai tabarma biyu ba. Tsakar gidan da ya fi ba ni wahala siminti ne mai kaushi da yashi, can ba wurinta ba ne sam. Wadda na ba wa tana wani fulat a Palladan, tayil ɗaya daga ƙofa har kicin, kullum addu'a take min. Ki duba gidanki da kyau kafin ki duba na'urar.

Maman Ilham: Namu tayil ne duka, sai kafet ɗaya baƙi a tsakiyar falo.

Injiniya Bello: Baƙi ƙirin? To ki sani a ƙarƙashinta akwai idanun da ke hana ta faɗowa daga bene, haske suke aikawa ƙasa su jira ya dawo. Baƙin abu yana shanye hasken, sai ta ɗauka rami ne ta ja da baya. Wasu sababbin sun rage wannan. Ko ba haka ba ma ki naɗe kafet ɗin ranar guga, sai in an samo mai ɗaga tsumma idan ta hau.

Baban Walid (Sabon Gari): Salamu alaikum, yanzu na buɗe waya. Ni gyaran kayan wuta nake yi, an kawo min irinta sau da dama, kuma kusan duk ciwo biyu ne. Na farko ruwa ya daina sauka. In na buɗe sai in ga farin gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ya toshe 'yan ramukan, ko kuma an zuba turaren mofin a tanki. Iyayenmu mata, na san ƙamshin ɗaki ba abin wasa ba ne, amma turaren nan mai ne a ciki, yana kashe ɗan famfon. Haka Izal da Hypo, suna cin robar ciki. Ruwa mai tsabta kawai. In dole sai an ji ƙamshi, a ɗiga kaɗan a jikin tsumman, ko a bari ta gama a sa turaren wuta.

Na biyu gashi ya naɗe buroshi har ƙaramin injin ya ƙone. Almakashi sau ɗaya a mako ya isa ya hana wannan.

Shawarata, duk wadda zai saya ya haɗo da matatar ƙura kamar huɗu, tsumma shida, da buroshin gefe. Abin da Bature zai yi wata uku da shi, hunturu ɗaya a nan sai ya cinye biyu. Ni ban taɓa cin karo da kayanta a shagunan PZ ba, odarsu nake yi. Shi ya sa gara sanannen suna, irin su Roborock, Dreame, Ecovacs, Eufy, Xiaomi ko Roomba, wadda tun 2002 take kasuwa. Mai sunan da ba a sani ba, ranar da batir ya mutu ta zama murfin tukunya.

Malama Hauwa: A ƙara da maganar kyamara. Maigidana cewa ya yi mai ido ba za ta shigo masa gida ba.

Injiniya Bello: Yana da hujja. A ƙarshen 2022 an fallasa hotunan cikin gidajen mutane da wasu na'urorin gwaji na kamfanin iRobot mai yin Roomba suka ɗauka, har da na wata mata a banɗaki, ma'aikatan da aka ba wa aikin tantance hotunan ne suka sa su a intanet. Na gwaji ne, ba waɗanda aka sayar a kasuwa ba, amma gidan da mata ke zaune babu mayafi ba ya buƙatar wannan fargabar. Mai leza zalla siffar bango take gani, ba fuska ba. Amfanin kyamarar shi ne kauce wa waya da takalmi, kuma zagayen da Anti Rabi ta faɗa ya riga ya yi wannan. Sai kuma wayfay, yawancinsu mai lamba 2.4 kaɗai suke kamawa. Ko babu intanet maɓallin jikinta yana aiki, amma jan layin da Malama ta ambata sai da manhaja.

Hajiya Asabe: To tunda kun taru a kaina. Ni dai 'yar nan, ko an kawo ko ba a kawo ba, ki aika Kasuwar Sabon Gari a sayo miki mofa mai dogon hannu, mai bokitin da ake matsewa a tsaye. Manjan da kunkurun ya kasa ai wani ne zai goge, kuma ban son jin kin sunkuya da ɗinkin nan.

Maman Ilham: In sha Allahu Hajiya, gobe zan aika, na gode. Na tashi na duba yanzu. Falo, lungu da ɗakuna biyu duk a shafe suke, babu tudu. Kicin ne aka saukar da kamar yatsa uku, banɗaki ma haka, wannan ma ya yi min daidai da maganar Malama. Na tura masa saƙo: mai leza, marar kyamara, ƙaramin mazauni mai 100 zuwa 240, da kayan canji. Ya ce zai ɗauko hoton rubutun ya turo, Injiniya zan tura maka ka duba min.

Injiniya Bello: Ba komai, turo.

Anti Rabi: Kada ya biya kuɗi tukuna. Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Hanwa gaisuwa, zan sako Kunkuru a mota ta kwana biyu a wurinki, ki ga yadda za ta yi da kafet ɗin nan da kuma Ilham, don yarana ranar farko hawa kanta suka yi ta yi. Ki kwashe carbi da wayoyin caja. Ƙarƙashin gadon kuma ki bar shi yadda yake, kada ki sa a share don za a yi baƙi.

Hajiya Asabe: In ta iso ku kira ni, zan sa a kawo ni.