SKS ɗina tana riƙe kwanso: in mayar da ita ko in kai wa mai gyara?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na sayi tsohuwar bindiga SKS ƙirar Yugoslabiya, M59/66, mai maharbar gurneti a baki, a wani shago nan Amurka. Na wanke man ajiyar nan mai danƙo, cosmoline, iya ƙoƙarina. A filin harbi sai ta tashi sau ɗaya ta tsaya, sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kuma ciro kwanso, ba ta komawa baya sosai, kwanso ya zauna a ciki sai na ja da hannu. Cikin harsashi 10, shida haka suka yi. Na ƙara mai a hanyar sakata da kan fistin, sandar da iskar albarushi ke turawa ta bugi sakata, abin ma ƙaruwa ya yi. Mai shago ya ba ni zuwa Asabar in mayar idan ban gamsu ba. Me kuka gani?

Dogo: Wa alaikumus salam. Giris take so. Bindigata M1 Garand da mai kaɗai ba ta tafiya, sai na shafa giris a duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe.

Tsohon Soja: Malam Dogo, mutumin nan SKS ya ce. Baban Ummi, fistin ba a sa masa mai, a bushe yake aiki. Hayaƙin albarushi yana ƙona man ya zama baƙar dauɗa, ita ce ta ƙara riƙe shi. Goge shi tas, da bututun da yake ciki. Sannan duba bawul ɗin iska. Wannan ƙirar tana da maɓallin da ke datse iskar idan za a harba gurneti: in yana sama a rufe take, sai ya kwanta gefen dama take aiki da kanta. In yana daidai amma tsatsa ta ci bakin bawul ɗin, iska na zurarewa, ƙarfin da zai tura sakata ba ya isa.

Injiniya: Kafin bawul ku ji nawa. Na sayi SKS ƙirar China hannun wani mutum, ya rantse mini ya wanke ta ciki da bai. Na duba bututu yana ƙyalli, na yarda. Ashe allurar da ke dukan gindin harsashi tana cike da cosmoline, ta daskare da tsininta a waje. Yawancin SKS allurarsu ba ta da sifirin da ke mayar da ita baya, sakakkiya ce. Na loda harsashi biyar, ina sakin sakata, yatsana bai ko kusanci kunama ba, sai ta tashi da kanta har uku a jere. Bakinta ya ɗaga, na uku ya huda rufin filin. Yarona ɗan shekara 14 yana tsaye a bayana. Allah ne ya tsare, don bakin na fuskantar inda ake harbi. Har yau in na tuna fuskar yaron nan jikina mutuwa yake. Aka kore ni daga filin, na biya gyaran rufi, wanda ya sayar mini kuma ya daina ɗaga waya.

Baban Ummi: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa. Ta yaya zan gane tawa?

Injiniya: Tabbatar babu harsashi, ciro sakatar ka girgiza kusa da kunne. In ka ji allurar na ƙaras-ƙaras, lafiya. In shiru, kada ka sake loda ta sai an kwance an wanke ramin allurar, a bar shi a bushe. Ranar gwaji kuma harsashi biyu kawai za ka sa.

Na-Malam: Kai wa mai gyara ka huta. Dala 60 na biya aka wanke mini tawa aka duba komai.

Dogo: Dala 60 a wace shekara? Ni 120 aka ce mini, kuma sai na jira wata biyu.

Na-Malam: Bara ne. Wataƙila da ya ga yawan giris ɗin da ka lafta ya ƙara kuɗin sabulu.

Dogo: Allah ya shirye ka.

Mai Tirela: Ni baƙin man mota nake sa wa tawa shekara takwas, ba ta taɓa ƙin tashi ba. SKS, bindigar da Simonov, maƙerin makamai na Tarayyar Sobiyet, ya ƙera a 1945 don sojan da ke cikin taɓo ba ta buƙatar man kwalba mai tsada.

Tsohon Soja: Baƙin mai kaɗan a hanyar sakata ba laifi. Amma ka faɗa masa inda ba a sawa, kar ya je ya tsiyaya a ramin allura.

Mai Tirela: Yallabai, da girmanka, a soja SKS ka riƙe? Mu da muke da ita a gida mu ma mun san wani abu.

Tsohon Soja: Ban riƙe ta a soja ba, amma na ga abin da mai ke yi wa fistin a bindigogi da yawa. Ka tambayi Injiniya ko gogewar shekara takwas za ta toshe ramin rufin nan.

Na-Malam: Tukuna, Baban Ummi, wane harsashi ka harba? In tsohon na soja ne irin M67, yana barin gishiri a bututu, kuma bututun Yugoslabiya ba a shafe cikinsa da kurom mai hana tsatsa ba. Mai ba ya narkar da gishirin, sai ruwan zafi, ka busar, sannan ka shafa mai, duk a ranar.

Injiniya: Wannan ma wata cuta ce. An sayar mini da akwati an rubuta ba ya sa tsatsa. Kwana uku na buɗe jaka, fistin ya yi ja kamar an barbaɗa masa jar ƙasa.

Mai Tirela: Tun da aka sa takunkumi kan shigo da harsashin Rasha a 2021 kowane tarkace ake tura mana, ga tsada.

Dogo: Na China ma tun 1994 aka hana. Wa ya san inda ake samun mai kyau yanzu?

Baban Ummi: Na girgiza sakatar, tana ƙara. Maɓallin ma yana dama, amma na ga tsatsa a bakin bawul. To in canza bawul ɗin ne, ko in mayar kafin Asabar?

Mai Tirela: Injiniya, akwatin naka mai kwalin takarda ne ko na gwangwani?